Filin Mota da Lantarki: In waya ta ƙi jituwa da rediyon mota

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk daga Kumasi suke, kuma kuka ɗaya suke yi: ga waya, ga mota, amma Bluetooth ya ƙi zama. Masu ƙananan motoci ne suka fi rubutowa, su Morning da i10 da Vitz, waɗanda galibi an hau su a wata ƙasa kafin jirgi ya sauke su a Tema. Mun taƙaita tambayoyin. Sunayen maɓallan waya kuwa mun bar su yadda suke a Turance, tunda haka za ku gan su a allonku.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban taksi ne. In an kira ni, magana tana fitowa a lasifikar mota sumul. Amma in na sa karatun Alƙur'ani ko tafsiri a waya, shiru kake ji, ko kuma ya fito ta bakin wayar. Wani ya ce sai na sake rediyo. Gaskiya ne? *Mai taksi, Aboabo*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin zaro kuɗi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Bluetooth ba hanya ɗaya ba ce tsakanin waya da mota. Hanyoyi ne da dama, kowace da aikinta. Wadda kira ke bi ana ce mata HFP. Wadda sauti ke bi, wato karatu da waƙa da saƙon murya, sunanta A2DP. Akwai ta uku, AVRCP, ita ke kai umarnin maɓallan sitiyari da na rediyo, kamar tsaya ko wuce gaba. Ta huɗu, PBAP, ita ke kwashe sunayen mutane daga waya zuwa allon mota. Ɗaya na iya buɗewa sauran na rufe. Taka ta kira a buɗe take, ta sauti ce za mu bincika.

Fara da rediyon. Kira yana da iko na musamman: ko kana kan FM ne, yana katse komai ya shigo. Sauti ba shi da wannan gata. Sai ka danna maɓallin da aka rubuta MODE ko MEDIA ko SRC, ka yi ta juyawa har ka ga BT Audio a allo. Mutane da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa.

In ka kai BT Audio amma har yanzu shiru, koma kan wayar. Shiga Settings, shiga Bluetooth, ka taɓa alamar da ke gefen sunan motar. Za ka ga Phone calls da Media audio. Tabbatar na biyun a kunne yake. Sannan, yayin da karatun ke tafiya, ɗaga ƙarar wayar da maɓallin gefe. Waya tana ajiye ƙarar kira daban, ƙarar sauti daban, ta Bluetooth ma daban. Sau da yawa karatun yana shiga motar, ƙarar ce ke ƙasa.

Idan kuma ka duba ka ga Media audio babu shi sam a jerin, ko ka yi ta juya MODE ba ka ga BT Audio ba, to a nan ne gizo ke saƙa. Akwai rediyoyin da aka ƙera da hanyar kira kaɗai, musamman a motocin da suka haura shekara goma sha. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka yi shi, kuma babu mai gyaran da zai ƙara masa abin da ba a sa ba. Ko a hakan ma ba lallai ka sake rediyo ba. In yana da ramin AUX, wato ramin da ake soka igiyar sauti, ƙaramar na'urar Bluetooth da ake sokawa a ramin ta wadatar: kira ya ci gaba da bin rediyon, sauti ya bi na'urar. Sai dai ka shiga saitin na'urar a waya ka kashe mata Phone calls, don kada su riƙa rige-rigen ɗaukar kira.

Tambaya: Na sayi sabuwar waya. Tsohuwar tana haɗuwa da motata ba wahala, amma wannan ko sunan motar ba ta gani. *Hajiya 'yar kasuwa, Alabar*

Amsa: Hajiya, barka da arziki. Abu uku ne, kuma duk ba sa cin kuɗi.

Na farko, rediyo ba ya nuna kansa sai an sa shi neman sabuwar waya. Ki shiga saitin Phone ko Bluetooth a rediyon, ki danna Pair ko Add new, sannan ki bincika daga wayar kafin lokacin ya wuce, domin minti ɗaya ko biyu kawai yake jira. Motoci da yawa ba sa yarda a yi wannan tana tafiya. Ki tsaya, ki ja birkin hannu, injin na aiki.

Na biyu, rediyo yana da iyakar wayoyin da yake riƙewa, a yawancin ƙananan motoci biyar ne. Motar da aka sayo ta hannu kan zo da wayoyin tsohon mai ita da iyalansa a ciki, ga ta dillali, ga ta yaron da ya tuƙo ta daga tashar jirgi. In jerin ya cika, sabuwa ba ta da wurin zama. Ki goge su duka.

Na uku, in tsohuwar wayar tana cikin jakarki da Bluetooth a kunne, ita ke riga sabuwar kamawa. Kashe ta tukuna.

In rediyo ya nemi lambar sirri, tsofaffin sukan karɓi 0000 ko 1234. Sababbin lambobi shida suke nunawa a allon waya da na rediyo, ki duba sun yi daidai ki amince. Wanda ya taɓa haɗawa kuma ya daina, a goge shi ta ɓangare biyu, a mota da a waya, a kashe wayar a kunna, a sake daga farko. Gogewa ta gefe ɗaya ba ta yi, domin kowanne yana riƙe da kwafin makullin da suka yi yarjejeniya a kai.

Tambaya: Bluetooth yana cin data ko kati? *Ɗalibi, Asawase*

Amsa: A'a, ƙanena. Tsakanin wayarka da motar ne kawai, a tazarar da ba ta wuce kimanin mita 10 ba. In kana jin abu daga YouTube, YouTube ɗin ne ke cin data. Wanda ka riga ka sauke a waya kyauta yake tafiya.

Tambaya: Vitz gare ni, rubutun rediyon duk na Japan ne, kuma tashoshi kaɗan yake kamawa. Na sayi modileta ta FM da ake sokawa a soket ɗin laita, amma sai shuuu nake ji. Mece ce mafita mai sauƙin kuɗi? *Malamin makaranta, Sawaba*

Amsa: Malam, tambayarka ta shafi mutane da yawa, bari mu ɗan daɗe a kanta.

Rediyon da aka yi wa kasuwar Japan yana kama FM daga 76 zuwa 90, wasu sababbi har 95. Mu kuwa tashoshinmu daga 87.5 zuwa 108 suke. Shi ya sa kake samun Zuria a 88.7 amma Luv a 99.5 ko Nhyira a 104.5 ba ka ganinsu ko da wasa. Modileta ita ma ƙaramar tashar rediyo ce: tana karɓar sauti daga waya ta Bluetooth, ta watsa shi ta FM a cikin motar, rediyonka ya kama. Ita daga 87.5 zuwa sama take watsawa. Ka ga kenan inda ita da rediyonka suka haɗu ɗan siririn fili ne, daga 87.5 zuwa 90, kuma wannan filin ma akwai masu gida a ciki. Modileta ba ta iya ja da tashar da ke da doguwar eriya a gari ɗaya da kai.

Ga yadda ake nema. Cire modiletar tukuna. Juya rediyon da hannu, mataki-mataki, ba da maɓallin bincike ba, har ka sami lambar da ba ka jin komai sai shuuu zalla, babu alamar magana ko kiɗa a ƙarƙashi, kuma maƙwabtanta na sama da ƙasa ma haka. Sannan ka soka modiletar, ka sa ta a wannan lamba daidai. In ta zauna, shuuu ɗin zai ɗauke ɗif tun kafin ka sa komai. Ƙarar waya ka bar ta a kashi uku cikin huɗu, ka ƙara da ta rediyo. In ka cika ta waya, sautin zai riƙa tsagewa. In ka rage ta da yawa, za ka ɗaga rediyo ya taho da hayaniya.

Abu biyu da kan rikita lissafi. Wasu motocin an riga an sa musu ƙaramin akwati a bayan rediyo, a kan igiyar eriya, mai sauko da lambobin tashoshi don rediyon Japan ya kama su. In akwai shi, lambar da ke allo ba ita ce ta gaskiya ba. Mai ragin 10, alal misali, zai nuna maka 99.5 a matsayin 89.5. To modiletar a lambar gaskiya za ka sa ta, rediyo kuma a lambar da aka rage. Na biyu na masu motocin Amurka ne: rediyonsu tsalle yake daga 88.1 zuwa 88.3 zuwa 88.5, ba ya tsayawa a 88.2 ko 88.4. Su sa modileta a lambar da ta ƙare da 1, 3, 5, 7 ko 9.

Lambar da babu kowa a Kumasi tana da mai ita a wani gari. Mai zuwa Accra zai ga tun kafin ya wuce Nkawkaw wata tasha ta fara leƙo masa. A ajiye lambobi biyu ko uku a maɓallan rediyo.

A ganinmu dai modileta ita ce zaɓi na ƙarshe. In rediyon yana da AUX, bi ta nan, sauti ya fi tsabta nesa ba kusa ba. Kuma kafin ka yanke hukunci cewa rediyonka ba shi da Bluetooth, nuna masa kyamarar Google Translate ka karanta abin da ke allon. Da yawa daga cikinsu suna da shi, rubutun ne ya ɓoye shi. Masu Morning mai rubutun Koriya ma haka za su yi.

Gargaɗi ɗaya: wasu rediyoyin Japan masu taswira suna dogara da katin SD da ke cikinsu. In an cire batir kuma katin babu, rediyon ba zai sake tashi ba, sai ya tsaya a allo ɗaya yana neman kati ko lamba. Duba ramin katin kafin ka bari a taɓa batir. In babu kati, ka san ranar da batir ya mutu rediyon ma ya tafi hutu, kuma a lokacin sai an nemo katin da ya dace da shi ko a sauya shi. Ma'aunin ramin rediyo iri biyu ne: faɗi milimita 180, tsayi 50 ga ƙarami, 100 ga babba. Motocin Toyota da yawa raminsu ya ɗan fi haka faɗi, sai an haɗa da robobin cike gefe. Ka ce wa mai sayarwa ya ba ka su tare da soket ɗin da ya dace da motar, don kada a yanka igiyoyin asali.

Tambaya: Ina jin mutane sosai, amma su sai su ce kamar daga cikin rijiya nake magana. Wasu kuma su ce suna jin muryarsu tana dawo musu. A Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Suame, aka sa mini sabon rediyo mai allo. *Alhaji, Tafo*

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe, wannan aikin makirufo ne, ba na waya ba.

Rediyoyin da ake sayarwa a kasuwa suna da ɗan rami a fuska, kamar na allura, nan makirufo yake. Ka duba nisan wannan rami da bakinka, ka kuma duba abin da ke kewaye da shi: bututun iskar AC a sama, ƙarar inji a ƙasa, ƙurar hunturu a ciki. Dole muryarka ta isa a gajiye. Yawancin waɗannan rediyoyi suna da rami a baya da aka rubuta MIC, kuma makirufo na waje mai igiya kimanin mita 3 kan zo a kwalin. Masu haɗawa da yawa ba sa sa shi, saboda ja masa hanya aiki ne. Ka tambayi wanda ya yi maka aikin ina yake. In sabo za a saya, a kula da kan: akasari milimita 3.5 ne, amma na Pioneer da yawa 2.5 ne, ba sa shiga ramin juna.

Inda za a maƙala shi ya fi tsadarsa muhimmanci. Wuri mafi kyau shi ne saman gilashin gaba, kusa da abin tare rana na direba ko gindin madubin tsakiya, bakinsa na kallon bakinka. Bayan sitiyari ma yana yi in babu bututun iska kusa. Kada ya jingina da gilashi ko robar da ke karkarwa a kan gargada. In motar tana da jakar iska a ginshiƙin gefen gilashi, za ka ga an rubuta AIRBAG a wurin, to igiyar ta bi ta bayan jakar, kada ta gitta gabanta.

Ga wani abin da ya keɓanci motocinmu. Gana ta koma tuƙi a hannun dama tun 1974, don haka motar da ta fito daga Japan sai an mayar mata da sitiyari hagu. A wajen wannan aiki akan bar makirufo a inda yake tun asali, wato wajen fasinja yanzu, ko a cire soket ɗinsa a manta ba a mayar ba. Gwaji mai sauƙi: kira wani, ka sa yaro ya zauna a kujerar gefe ya yi magana. In shi ake ji fiye da kai, ka gano.

Amsa-kuwwa kuwa daga ƙara take. Muryar mai kiranka tana fita a lasifika, makirufo ya sake kwashe ta ya mayar masa. Rediyo yana da dabarar share wannan, amma tana da iyaka. Rage ƙarar yayin da kiran ke gudana, ba kafinsa ba, domin ƙarar kira daban ake ajiye ta. In saitin yana da Mic gain, sauke shi mataki biyu. Ɗaga gilashi, rage fankar AC zuwa ɗaya ko biyu. Wanda ke magana a cunkoson Kejetia da gilashi a sauke, ga hon ga masu talla, babu makirufon da zai cece shi.

Kada kuma ka yi mamaki in kiɗa ya yi daɗi amma kira ya yi siriri. Hanyar kira tun asali ƙuntatacciya ce, murya kawai aka yi ta ta ɗauka. Shi ya sa in kira ya shigo kan ji sautin motar ya canza gaba ɗaya, ko da kiran WhatsApp ne.

Tambaya: Kullum da safe sai na sake haɗa waya, agogon rediyo ma ya koma 12:00. Abokina kuwa tun da aka sa masa rediyo batir ɗinsa ke mutuwa in motar ta kwana biyu. *Mai Astra, Akwatia Line*

Amsa: Ɗan'uwa, ciwonku ɗaya ne kai da abokinka, ta fuska biyu ya fito.

Rediyon kasuwa yana shan wuta ta igiya biyu. Rawaya tana zuwa daga batir kai tsaye, dare da rana akwai wuta a cikinta, ita ke riƙe agogo da tashoshi da abin da aka saita. Ja tana samun wuta ne kawai in an murɗa makulli, ita ke ce wa rediyo tashi ko kwanta. Baƙa ana ɗaure ta a ƙarfen jikin mota. Kai an haɗa maka rawaya a layin makulli, shi ya sa da ka zare makulli rediyon ke mantuwa. Wannan ya zama ruwan dare a motocin Turai irin su Opel da Volkswagen, domin a soket ɗinsu wuraren waɗannan biyu a juye suke. Masu ƙera igiyoyin sun san da haka, shi ya sa sukan bar mahaɗi a tsakiyar ja da rawaya, a zare a musanya. Aikin minti goma ne bayan an fito da rediyon.

Abokinka kuwa an murɗe masa ja da rawaya wuri ɗaya an kai batir. Rediyon ba ya barci. Lissafa da kanka: rediyo mai allo da ke jan amfiya 1, in ya kwana awa 12, ya sha amfiya-awa 12. Batir ɗin ƙaramar mota tsakanin amfiya-awa 35 da 45 yake. Kwana biyu ya isa ya hana ta tashi. Mai lantarkin mota ya auna masa da na'urar awon wuta, a jere da sandar batir mai alamar ragi, makulli a zare, ƙofofi a rufe, bayan 'yan mintuna. Motar da ke lafiya ba ta wuce kimanin miliamfiya 50 ba. In ya haura, a zare fiyus ɗin rediyo a ga ko lambar ta faɗi.

Ku duka ku nace a haɗa da dalma ko mahaɗin matsewa. Murɗawa da hannu a naɗe da baƙin salatif yana kwancewa da zafin dashbod, kuma shi ne sanadin rediyon da ke ɗaukewa duk lokacin da aka faɗa rami. A cire sandar batir mai alamar ragi kafin a fara aikin. Masu modileta kuma su lura: in fitilarta ba ta mutuwa bayan an zare makulli, soket ɗin motarku mai wutar dindindin ne, ku riƙa zare ta da dare.

Tambaya: Na sa na'urar Bluetooth a AUX. In na taka totur sai wani fito siriri ya tashi a lasifika, in na saki ya sauka. *Mai ɗinki, Sabon Zongo*

Amsa: Masta, kukan altaneta, mai yi wa batir caji, kake ji. Na'urar tana shan wuta daga soket ɗin laita, tana kuma haɗe da rediyo ta igiyar AUX, sai ya zama tana taɓa jikin mota ta hanya biyu, hayaniyar wuta ta sami zagayen da za ta bi. Gwada: zare ta daga caja ta yi aiki da batir ɗinta, ko ka ba ta wuta daga fawa-bank. In fiton ya ɗauke, ka tabbatar. Maganinsa ɗan ƙaramin abu ne da ake sawa a tsakiyar igiyar AUX, a kwalinsa an rubuta ground loop isolator. Kafin ka saya, sauya cajar tukuna. Araha ba ta ado: caja marar kyau ita kanta tana fitar da hayaniyar da har FM take ɓatawa.

Tambaya: Layi biyu ne a wayata, MTN da Telecel. In na danna kira daga allon mota ba ya tafiya. Kuma in an kira ni lamba ce ke fitowa, ba suna ba. *Ma'aikaciyar jinya, Asokore Mampong*

Amsa: Malama, kiran yana tafiya rabin hanya ne ya tsaya. Wayarki an saita ta ta riƙa tambayar layin da za a yi amfani da shi, tambayar kuma a allon wayar take fitowa, a cikin jaka, mota ba ta ganinta. Shiga saitin SIM, a wajen Calls ki cire Ask every time, ki zaɓi layi ɗaya.

Sunaye kuma sai kin ba da izini. A Android, ƙarƙashin sunan motar akwai Contact sharing. A iPhone, ki taɓa alamar i, ki kunna Sync Contacts. Ki kashe motar ki tayar, ki ba ta 'yan mintuna ta kwashe. Sunayen da aka ajiye a kan SIM wasu rediyoyi ba sa ɗaukarsu, ki mayar da su cikin waya ko asusun Google. Wanda aka rubuta da harafin Larabci ko aka yi wa ado da 'yan hotuna, tsohon rediyo kan nuna shi da akwatuna ko ya tsallake shi.

Ki tuna sunayen nan da jerin kiranki suna iya zama a cikin rediyon. Ranar da za ki sayar da motar, ki goge wayarki daga jerin.

Tambaya: Ina aikin Bolt, taksin da ake kira ta manhajar waya. In ina jin FM ba na jin muryar taswira. Maɓallin wuce gaba na sitiyari ma ya daina aiki tun da wayar ta sabunta kanta. *Direba, Suame*

Amsa: Abokin aiki, koma ka karanta amsar farko, dalilin na can. Muryar taswira ta hanyar sauti take bi, rediyonka kuma yana kan FM, don haka tana magana a ɗakin da babu kowa. A Google Maps, shiga Settings, shiga Navigation, ka kashe Play voice over Bluetooth. Muryar za ta dawo lasifikar wayar, FM ya ci gaba, kira kuma ya ci gaba da bin mota. Wannan ya fi dacewa da mai aiki irin naka.

Maɓallin sitiyari aikin AVRCP ne, kuma sabuwar waya kan yi magana da tsohon rediyo da sigar da bai iya ba. A Android, shiga About phone, ka taɓa Build number sau 7, Developer options zai bayyana. A ciki nemi Bluetooth AVRCP version, ka sa 1.4, in bai yi ba 1.3. Kashe Bluetooth ka kunna. Kada ka taɓa komai a wurin bayan wannan. In sauti yana yankewa da allon waya ya mutu, mai tanadin batir ne ke kashe manhajar, ka cire ta daga jerin waɗanda yake takurawa.

Sai batun fasinja. Kiran da ya shigo lasifika kowa a motar ya ji shi. Ka saba da faɗa wa mai kira tun a gaisuwa cewa akwai mutane tare da kai, kafin Hajiya ta fara zancen gida. A kashe Message access kuma, in ba haka ba saƙon MoMo, asusun kuɗi na waya, da ragowar kuɗinka na iya bayyana a allon da na kujerar baya ke kallo.

Tambaya: Tunda ba na riƙe waya a hannu, 'yan sanda suna da abin cewa? Kuma abin kunne bai isa ba, sai na kashe kuɗi a rediyo? *Matashi, Yalwa*

Amsa: Ɗana, dokokin hanya na 2012, L.I. 2180, sun hana direba amfani da wayar hannu yana tuƙi, kuma jami'an MTTD, 'yan sandan hanya, ke kamawa. Bluetooth ba lasisi ba ne. Wanda ya haɗa waya da mota amma yana ɗaga ta ya duba wa ke kira, ko yana danna *170# na MoMo a dogon layin fitilar hanya, wayar tana hannunsa, bai da bakin musu.

Bar batun kamu ma. A cikin gari iyakar gudu kilomita 50 ne a awa. A wannan gudu mota tana cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa. Kallon allo na daƙiƙa biyu mita 28 ne ka yi ido a rufe, a titin da pragya, keke mai ƙafa uku, ke fitowa daga lungu ba sallama. Hannu a sitiyari ba ya nufin hankali na kan hanya: mai cinikin kaya ko mai rigimar gida ta waya ba ya ganin abin da ke gabansa yadda ya kamata, ko da hannayensa biyu na riƙe da sitiyari. Amsa, faɗi inda kake, ce za ka kira. Doguwar magana a gangara gefe.

Abin kunne mai toshe kunnuwa biyu ba mu yarda da shi ga direba ba, musamman irin mai share hayaniyar waje, domin hon da jiniya yake sharewa. In babu hali sai shi, kunne ɗaya, kuma na dama, tunda na hagu ne ke wajen taga. Wanda ya fi shi kuma bai kai kuɗin rediyo ba shi ne ƙaramar lasifikar Bluetooth da ake maƙalawa a abin tare rana. Makirufonta yana daidai saitin baki, tana da babban maɓalli ɗaya da hannu ke samu ba sai an duba ba, caji ɗaya kuma yana kai ta kwanaki. Abu ɗaya za ka kiyaye: batir ɗin lithiyam ne a cikinta, kada ka bar ta a jikin gilashi motar na tsaye a rana tun safe har la'asar. Zare ta ka jefa a aljihun ƙofa.